Ciwon Bayan Malam Labo

Gidan Rumji, ran Lahadi

Hafiza,

Bayan sallama da tambayar lafiyar yara. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direba.

Na ji abin da kika yi. Kin ɗauko Baba daga Sae Sabuwa kin kai shi Agiye, wurin wata mata da ke sa mutum ya rufe ido tana yi mishi magana har hankalinshi ya tafi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana limanci, shi za ki kai a yi wa bori? Wa kika shawarta? Ni ne babba. Shekara huɗu tun da amalanke ya danne mishi baya, ni ke aiko mishi da magani, bai taɓa yankewa ba.

Ki maido shi gida. Wassalam.

Yayanki, Sabi'u

*

Agiye, ran Laraba

Yaya Sabi'u,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Habi. Yara lafiya lau.

Maganin da kake aikowa tiramol ne na kasuwa, kuma ka sani. Da na je gida watan jiya, a bayan rumbu na iske Baba kwance cikin rana, miyau na zuba, bai gane ni ba. Inna ta ce karo na uku ke nan, tana ɓoye maka don kada ranka ya ɓaci. To nawa ya ɓaci.

Matar da kake zagi Madam Tani ce, ma'aikaciyar asibiti. Ifnoz suke ce wa abin da Faransanci. Babu garaya, babu hayaƙi, kuma hankalinshi ba ya zuwa ko'ina. Zama yake yi ya rufe ido, yana jan numfashi a hankali. Ta tambaye shi, "Malam, da me ciwon ya yi kama?" Ya ce, "Da garwashi." Ta ce, "To mu bar shi ya yi toka kaɗan kaɗan." Ta faɗa mishi tun farko ciwon ba zai tafi duka ba, sauƙi ake nema. Likita kuma yana rage mishi ƙwayar sannu a hankali.

Jiya ya yi ruku'u a tsaye. Yaushe rabonka da ganin haka? Ba zan maido shi ba.

Ƙanwarka, Hafiza

*

Gidan Rumji, ran Asabar

Hafiza,

Sallama. Wato ni ne na so kashe ubana? Karatun boko na lakol ya sa kin manta wanda ya goya ki. Ran Juma'a ina tafe da mota, ki haɗa mishi kayanshi.

Sabi'u

*

Agiye, ran Talata

Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ni mahaifinka na rubuta wannan da hannuna.

Ba wanda ya ɗauko ni, ni na ce a kawo ni. Idona rufe ina jin kiran salla, in na ga dama in tashi. Ka daina zagin 'yar mutane.

Na fi shekara ina lura da kwalin da kake aiko mani. Ba ya zuwa cikakke, kuma ba direba ke taɓawa ba. Na ga yadda hannunka ke rawa ran Salla.

Ka zo Juma'ar. Ka zo da kayan sawa na mako biyu, kai ma likita zai duba ka.

Allah ya yi maka albarka.

Labo