Dutsen Junie Yana Kan Baranda

Zuwa ga Goggo Vesta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Kawu Doyle da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Kaka Icie tana cin abinci sosai, sai dai mantuwa ta ƙaru. Jiya da sunan Baba ta yi ta kirana, har ta yi mini faɗan ban aske gemu ba, ni da ko gashi ɗaya ban ajiye ba.

Kin ji labarin ruwan da aka yi mana a Kentucky bana. Sama ta yi ta zuba har muka manta kamannin rana. Da aka ɗauke, aiki ya taso mana ta ko'ina: hanyar gida ta zaizaye, kwata ta toshe, ciyawar shanu ta wuce lokacin yanka, dankali yana ruɓewa a kunya. Na ce wa Baba turken wayar shingen maƙabartarmu ta kan tudu ya karkace. Ya ce waɗanda ke can ba inda za su, amma ciyawa ba ta jira. Muka yi dariya, muka hau tarakta. Goggo, da mun sani da can muka fara.

Muna can ƙasa muna ɗaurin ciyawa, shanu suka ture wayar suka shiga. Ƙasa ta yi laushi kamar kunu, suka tattake wurin kaf. Manyan kaburbura masu rubutu ba abin da ya same su. Amma kin san na jarirai, dutsen rafi kawai ake kafawa, ba suna ba komai, mu ne muka san wane ne wane. Duk sun tumɓuke su, wasu sun gangara har bakin kwari. Na tsinci na 'yarki Junie, na gane shi da farar jijiyar nan da ta ratsa shi. Inda yake a da ne ban sani ba.

Ban taɓa komai ba, na jira. Da aka ɗan ƙara yayyafi na hau na tsaya ina kallo. Ruwa yana kwanciya a inda aka taɓa haƙa, sai ga kowane kabari ya fito da siffarsa. Duk na mayar da duwatsun, saura kaburbura biyu ƙanana a gindin itacen tuffa, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, tsayinsu ɗaya. Ɗaya na Junie ne, ɗaya na Wade, ƙaninku da ya rasu a zanin goyo. Na tambayi Kaka, ta ce Junie ai tana ɗaki tana barci, kada in tashe ta. Baba ya ce ranar da aka binne ta shi ya yi haƙan, amma bai iya ɗaga kai ya dubi itace ba. Tun daga nan bai ƙara maganar ba, kuma ba shi ya ce in rubuto miki ba.

Ranar gyaran kaburbura ta matso, dangi za su hau da furanni da abinci kamar kullum. Na ɗaure waya, na kankare ciyawa, na tara ƙasa a kan duka biyun. Zan iya kafa dutsen a ko'ina, ba wanda zai gane, amma hannuna ya ƙi. Na san tun bayan jana'izar ba ki sake hawa tudun nan ba, ba na kuma cewa dole ki zo. Ki rubuto kalma ɗaya ma ta isa, gabas ko yamma.

Ki gaida Kawu Doyle, ki ce masa karensa da ke wurinmu ya yi ƙiba ya daina bin zomo. A gaida Arlis da Nelda. Inna tana gaishe ki.

Dutsen yana kan baranda. Baba ya wanke shi da hannunsa, ya ajiye shi kusa da kujerar da kike zama a kai in kin zo.

Ɗanki,
Coy