Haƙorin Makka a Bakin Saratu

Baban Rahila,

Gaisuwa daga Jidda. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, shi ya sa ma na samu bakin rubuta ta. Da kana da rai, kafin in kai layi na biyu ka lalubo takalmi.

Labarin gida dai, Rahila ta samu miji, malamin makaranta. Na sa an bincika mini halinsa, musamman hannunsa. An sa biki bayan Kirsimeti. Ƙanenka Yohanna ya gaji gonarka, ya gaji bakinka, kuma shi ya tayar da rigimar da ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna haƙorina na gaba, wanda ka fitar ranar da gishiri ya yi yawa a miya? Ka tuna ka ce in gaya wa mutane santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya? To, bayan na ce maka zan je gaida Goggo a Kano na kwana uku, yau shekara shida ke nan, na sauka nan aikatau. Ranar hutu ina sayar da yaji da daddawa a unguwar Nuzla. Sai na lura mai saye yana kallon giɓina ya manta da kayana. Na je wurin mai haƙori, ya tambaye ni fari ko zinariya. Bayan duk abin da na sha, fari kuma?

Tun ranar na zama Hajiya. Ni da iƙamata ma, wato takardar zama, ta nuna ba a barin irina shiga Makka. Na gyara wa mutane har na gaji na ƙyale su, tunda yajin Hajiya ya fi saurin ƙarewa.

Sai ranar da aka kira ni ta bidiyo kan maganar biki. Na yi dariya, haƙori ya haska. Kafin rana ta faɗi Yohanna ya zaga ƙauye cewa na musulunta har na sauke farali, ga shaida nan a bakina. Zumuntar matan ikkilisiya suka ce za su cire sunana. Dangin ango suka fara ja da baya. Fasto ya aiko yana neman bayani. Rahila ta kira ni tana kuka.

Ni fa? Ni da kowace Juma'a muke taruwa a wani ɗaki da 'yan Filifin biyu da wata 'yar Kenya, mu ƙure na'urar sanyi don ta rufe muryarmu, mu yi sujada ƙasa-ƙasa? Suna yaba yadda na iya waƙa ba a ji. Ban gaya musu a gidanka na koya ba.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. A gidanka, aya ɗaya na sani a Littafi Mai Tsarki, ta biyayyar mata, wadda kake karanta mini kamar sammaci. A nan na zauna na karanta da kaina a waya. Ashe Dauda ma ya sha gudu da ɓuya, kuma bai yi wa kowa kara ba, har akwai inda ya roƙi Allah ya kakkarya haƙoran mugaye. Baban Rahila, na sa sunanka a wurin, ba sau ɗaya ba. Da aka ce mini kafin ka rasu sai kunu kake iya sha, na tsorata na bar shafin. Na koma inda ake nuna Allah ba ya nisa da wanda aka karya wa zuciya. A nan na zauna har yau, a nan ne ƙirjina ya daina bugawa in an buɗe ƙofa da ƙarfi.

Kwana uku ina shawara. In cire zinariyar in koma wa tsohuwar ƙarya, ko in faɗi gaskiya a kanka, dattijon ikkilisiya wanda hotonsa ke kalanda? Auren 'yarmu ne a tsakani. Na ɗauki waya na yi saƙon murya, minti tara, na tura wa zumuntar mata. Haƙori, haƙarƙari, kunnen hagu, ban bar komai ba. Na ƙara da karatun Zabura don kowa ya ji inda nake.

Fasto ya ce biki yana nan, kuma a gaba zan zauna. Yohanna ya kama ciwon maƙogwaro. Washegari matarsa Lami ta kira ni a ɓoye, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta tambaya ko mai haƙorin yana yi wa baƙi, domin ita giɓinta biyu ne. Na yi dariya, ita ma ta yi, daga nan muka yi kuka. Ranar Lahadi za ta je wurin matar fasto, ni kuma ina kan waya.

Na yafe maka wajen rabi. Sauran ina aiki a kai kowace Juma'a. Ka huta, in an bar ka.

Ni ce uwar amarya,
Saratu