Buzuna a Waje, Kabarin Baba a Kasuwa

Jalingo

Zuwa ga ƙanena Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya? Ya jikin Hajara, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan da sauƙi.

Mai unguwarmu ya yanka tsohuwar maƙabarta fuloti-fuloti, har gindin tsamiyar da Baba yake kwance. Na je zaurensa, na zauna kan buzuna da ke shimfiɗe a can kullum cikin na dattawa, na ce, “Ranka ya daɗe, na ji a rediyo yadda talakawan Faransa suka yi da sarkinsu. Yunwa tana cinsu, fada tana shagali. Suka taso, suka fasa babban kurkuku, daga baya suka sare kan sarkin.”

Ya yi dariya ya ce, “Tsoho, kai da wa za ku taso?”

Na waiwaya. Dattawan da muka haƙa kaburburan nan tare duk tabarma suke kallo. Washegari na tarar an fitar da buzuna waje.

Su can abinci suka rasa suka tashi. Mu iyayenmu ake sayarwa, ko tari babu mai yi.

Ni kaɗai na san inda kowa yake kwance. Ka zo kafin a haƙa harsashi, in nuna maka Baba. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara.

Yayanka,
Ilu