Ka Ce Ina da Goshi

Zuwa ga Alkasim, sanyin idona, inuwar da nake nema idan rana ta tsaya a tsakiyar kai a unguwar Setapak, ruwan la'asar da ke wanke garin nan ya bar shi yana ƙamshin ƙasa. Ya kai wanda idan sunansa ya fito a wayata nake barin ta ta ɗan yi ƙara, don kada ya gane jira nake yi. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, da hannunka na dama mai zane, da na hagun ma, wanda ban taɓa ganin ya yi wani aiki ba sai riƙe kofin shayin teh tarik.

Ka ga na iya kirari. An ce haka ake buɗe irin wannan wasiƙa, kuma da na karanta abin da na rubuta sai na tarar babu ƙarya ko a kalma ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da Hausa na rubuto maka, da gangan. Na san kai ɗan unguwar Taman Melati ne, a nan ƙasar Malay ka yi rarrafe. Da Malay kake faɗa, da Turanci kake ba da haƙuri, Hausa kuwa ka ajiye ta don gaida Ummanka da neman ƙarin tuwo. Karanta a hankali. Ba na so ka wuce ta da babban yatsa yadda kake wuce saƙonni.

Maganar ranar Asabar ce. Yaya Bello zai sauka a garin nan a hanyarsa ta komawa Kano daga China, zai yada zango na yini guda a wani otal a Bukit Bintang, kuma na riga na faɗa masa akwai wanda yake so ya gaishe shi. Tun rasuwar Baba, abin da Yaya Bello ya gani da idonsa shi ne abin da gidanmu ya gani. A wannan ranar ce kuma ake babban taronku na masu zane da masu shigar mutanen cikin hotuna, inda ka kama tebur, inda kake so in zauna kusa da kai cikin kayan Gimbiyar nan da kake zanawa. Da na ce maka ranakun sun haɗu, ka ɗago kai daga allon zanenka ka ce, da wannan "lah" ɗinku na Malay, "Sai wani zuwan, lah, ai zai dawo." Zai dawo kam. Ni ce ba zai tarar ba. Karatuna bana zai ƙare, kuma bizar ɗalibi ba ta san soyayya ba.

Bari in tuna maka inda abin ya fara, don na lura ni da kai ba abu ɗaya muke tunawa ba.

Tashar jirgin ƙasa ta Wangsa Maju ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Iska ta ja gyalena baya, ta tafi da ɗankwalin har tsakar kai, ina kokawa da su da jakar littattafai. Kana tsaye riƙe da laima a rufe, kana kallona kamar wanda ya ga jinjirin wata kafin kowa. Ko sallama ba ka yi ba. Ka ce, "Kina da goshi."

Ya kamata ka san abu biyu game da wannan goshi. Na farko, a makarantar kwana filin jirgi ake ce masa. Wata har cewa take in sunkuyo ta duba kwallinta. Tun lokacin nake ɗaure ɗankwali har bisa gira, kamar mai ciwon kai na har abada. Na biyu, a gidanmu idan aka ce mace tana da goshi, ba ƙashi da fata ake nufi ba. Ana nufin wadda alheri yake bin ta, wadda idan ta shiga gida sai hanyoyin mai gidan su buɗe. Magana ce ta surukai bayan amarya ta tare. Namiji ba ya faɗa wa baƙuwar mace ita a tashar jirgi sai idan ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Da na koma ɗaki na ba Zuhra labari, wadda muke ɗaki ɗaya, sai ta ajiye cokali ta ce, "Ke Lailatu, wannan ai daga ƙarshe ya fara. Saura ki tambaye shi sunansa."

Wayyo ni! Ni da nake rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda talla ke yaudarar mutane, kalma biyu da rabi suka gama da ni. Na yi kwanaki ina tafiya kamar ƙasa ta sha ruwan farko. Itatuwan bakin titi sun ƙara kore, tsuntsayen da ke damuna da surutu a taga suka koma mawaƙa. Wane ne wannan da ya dubi abin da nake ɓoyewa tun ina yarinya ya kira shi albarka? Wace uwa ce ta yi masa irin wannan tarbiyya?

Amsar ta zo a mamak, wato gidan shayi da gurasar roti ɗin nan na bayan tashar Taman Melati, ranar da ka ce za ka nuna min wani abu mai muhimmanci. Na sa turare. Ka fito da allonka ka buɗe hoton wata mata: matar wani babban gida a Italiya, wadda ta rayu shekara ɗari biyar da suka wuce, an zana ta daga gefe, ga dogon wuya, ga lu'ulu'u an saƙa cikin gashi, ga goshi fayau kamar tafki da hantsi. Ka ɗaga allon kusa da kuncina, ka ce in juya in kalli firijin lemo. Na juya. Ka ce, "Subhanallah, sak!" A nan na fahimci cewa goshi kake nufi. Goshi kawai, wanda ke tsakanin gira da gashi. Na cinye roti ɗina tas, tunda shi bai yi min komai ba.

Na je na karanta labarinta, ka san halina. Na tarar matan zamaninta da hantsaki suke tuge gashin gaban kansu, sili-sili, don su samu abin da Allah ya ba ni kyauta aka yi ta min dariya a kai. Na tarar ta rasu ba ta kai shekaruna ba. Na tarar masana har yau ba su daidaita ba ko ita ce a hotunan da ake cewa nata ne, don wasu sai bayan an rufe ta aka zana su. Kuma ban tarar da ko layi ɗaya na maganarta ba. Ba a san ko tana da dariya mai ƙara ba, ko tana ƙin albasa, ko wuyanta ya riƙa ciwo saboda zaman da ake sa ta. Shi ya sa take da sauƙin so, Alkasim. Ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba, tunda ba wanda ya ji muryarta.

Ku kuwa masoyanta na intanet, Allah ya ba ku lada. Kun sa ta a murfin waya, a sitika, a mariƙin makulli. Kun ba ta idanu manya irin na zanen Japan. Wani ya ba ta takobi, wani ya mai da ita mai shan jini, wata ta dasa mata kunnuwan kyanwa. Kuna rubuta labarai kuna aurar da ita ga wanda kuka ga dama, kuna kashe ta kuna tayar da ita. Na ga lokacin da ka daina magana da wani abokinka na Penang saboda ya ce gashinta ja ne, kai ka ce ruwan zuma ne. Matar da ƙashinta ma ya zama ƙasa! Sannan ka zana ta baƙa, da hancina, da lalle a yatsu, ka ɗora. Kafin a jima mabiyanka sun ninka, masu oda sun yi layi, ni kuma na tashi da sabon suna, Gimbiyar Setapak. Rannan wata yarinya ta tare ni a cikin jirgi tana rawar jiki, ta roƙi mu yi hoto. Na yi murmushi na dubi wayarta, sai ta ce in taimaka in juya gefe.

Ka ga ashe ina da goshin, ta ma'anar gidanmu. Kasuwarka ta buɗe. Ka faɗi gaskiya ba ka san ka faɗa ba.

Na ga rigar da ka ba tela ya ɗinka min. Karammiski kore, mai nauyin bargo, a garin da mutum ke yin gumi yana cikin wanka. Na ga lu'ulu'un roba. Na ga gashin kanti ruwan zuma, wanda ka ce in aza a kan hular da ke rufe nawa, tunda ba gashina ba ne babu laifi. Fatawa mai kyau, ban san ka yi zurfi haka ba. Ban yi dariya a gabanka ba, don na ga yadda idonka yake haske, kuma wannan hasken shi ne masifata.

Don ina son ka, kada ka yi zaton wasa nake. Ina son yadda kake ɗan cije harshe idan kana jan layi mai wuya. Ina son yadda kake ce min "kai" idan ka ruɗe, ka ce wa Ɗanladi mai aski "ke", ka rasa dalilin da ya sa shagon ya ɗauki dariya. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ne ka yi tapau, wato ka sa aka ƙunso fate mai zafi, ka bar shi wurin mai gadi, ka zana wata akuya mai ma'aunin zafi a baki a kan murfin. Babu gimbiya a wannan murfin. Akuya ce kawai, da ni, da kai. Na ajiye shi, man ya ɓata gefensa, kuma ya fi min duk hotunan da dubban mutane suka danna wa zuciya. Ya ruwan da na tara hannu nake jira! Ya ƙamshin mangwaro a ƙasar da ba tamu ba! Me ya sa idan jirgi ya tsaya a tasharku nake duba kowace fuska, alhali na san kana gida? Me ya sa nake adana labaran yini, har da na banza, don in ba ka? Wane irin ilimi ne wannan nawa, da ya iya gano tarko, ya bayyana yadda aka ɗana shi, sannan ya zauna a ciki ya miƙe ƙafa?

Amma na duba zane-zanena da ka yi, dukkansu, na ga ɓangaren hagu ne. A mamak ta hagu kake zama. A jirgi ta hagu kake tsayawa. Ina da ɗan tabo a ƙarƙashin idona na dama, tartsatsin man gyaɗa ne tun ina koyon suya. Ka taɓa ganinsa? Ba gatse nake ba, tambaya ce. Ni ba na jin haushin baiwar Allahn nan ta Italiya, tausayinta nake ji. Ita ba ta da ɗaya ɓangaren da za ta juyo. Ni ina da shi, da ƙanne, da ciwon ulsa, da wa mai tambayar asalin mutum kafin ya ba shi wurin zama.

Saboda haka ba zan sa rigar ba. Zuhra za ta kawo maka ita gobe, a goge, a ninke. Akwai 'yan mata da yawa cikin mabiyanka da za su yi murnar zama a teburinka su kalli bango yini guda, ka zaɓi mai dogon wuya.

Abu ɗaya nake roƙo kafin Asabar. Ka shiga kicin lokacin da Umma take aiki, ka ce mata, "Umma, na ce wa wata yarinya tana da goshi." Kada ka ƙara komai, kada ka nuna mata hoto. Ka dubi fuskarta kawai, za ta fassara maka abin da ka faɗa a Wangsa Maju fiye da yadda zan iya. Idan abin da ka gani ya ba ka tsoro, ka zauna a teburinka ka sayar da sitika, ba zan riƙe ka a zuci ba. Tuntuɓen harshe ne, ni ce na gina gida a kai. Idan kuwa bai ba ka tsoro ba, ka bar teburin a hannun wani, ka hau jirgi.

Bayan la'asar za mu kasance a gidan abincin Larabawan da ke kallon otal ɗin. Ka sa kaftani, wanda ka yi sallah da shi ya isa. Ka russuna idan za ka gaishe shi, kada ka fara miƙa hannu. Idan ya tambaye ka garinku, kada ka ce Taman Melati, ka ce Gumel, ka faɗi sunan kakanka. Idan ya tambayi sana'a ka ce kai mai zane ne, ka yi shiru, sauran bayanin nawa ne. Ka bar allon a gida.

Idan shinkafa ta huce ba ka zo ba, zan ce wa Yaya Bello na yi kuskure, babu kowa, kuma zan faɗa da murya mai kyau yadda ba zai sake tambaya ba. Zan gama kundina, in haɗa akwatina. Son ka kuwa ba zan daina ba, na gwada a makon nan na ga ba fannina ba ne. Zan tafi da shi Kano, ya tsufa tare da ni, ya yi furfura, ya riƙa ciwon gwiwa. Na fi so dai ka zo ka gani da idonka.

Taka har ƙarshen numfashi, tunda ni ina da shi,

Lailatu