Ranar da Na Kai Baba Nungwi

Mkokotoni, 4 ga Rajab

Yaya Pandu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya Mwanaidi da yara, yaya kuma zafin Maskat? Mu nan da sauƙi, sai dai Baba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ya ce zuciyar ce, a dai lallaɓa.

Kwana uku ke nan yana naci sai na kai shi Nungwi ya ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa inda ya yi aiki. Mama ta ce, "Shekara talatin kana hawa kana sauka, ba ta ishe ka ba, tsoho?" Ta so ta bi mu, ya ce a'a, ni kaɗai yake so. Asabar za mu je in Allah ya kai mu.

Ƙanwarka,
Riziki

Mkokotoni, 9 ga Rajab

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Mun je. Bakin tekun ya cika maƙil, Turawa kwance a rairayi, kiɗa na tashi daga kowane otal. Wani mai kwale-kwale ya tare mu, "Baba, a kai ka yawon teku? Da kai da amaryar, rabin kuɗi!" Baba ko murmushi bai yi ba. An kewaye hasumiyar, ba a shiga, sai na zaunar da shi a inuwar wani jirgin katako da ake sassaƙawa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Kin tuna Kawunku Makame?"

Kai za ka fi ni tunawa, ni ina da shekara biyar. Ƙanin Mama, wanda jirginsu ya taso daga Pemba da kanumfari ya daki duwatsu, mutum tara suka mutu, har da shi.

Baba ya ce, "A daren da abin ya faru fitilar a kashe take. Biki na tafi Kidoti, na ce zan dawo kafin magariba, ban dawo ba sai asuba. Na rubuta a littafin aiki cewa ta kwana tana ci. Mutum biyun da suka tsira sun rantse ba su ga haske ba, aka ce ruɗewa ce. Kuma ni na yi wa Makame wanka da hannuna."

Yaya, yana cikin kuka wata Baturiya ta tsaya tana nuna mini wayarta, wai ko za ta ɗauki hoton tsohon. Na ɗaga mata hannu kawai.

Ya ce in nema masa gafarar Mama bayan ransa, shi ya kasa. Na ce, "Baba, me ya sa ni?" Ya ce, "Ke ce ba kya iya ƙarya." Da muka dawo Mama ta dafa masa shinkafa da romon kifi, tana tsokanarsa ko matar tasa ta dutse, wato hasumiyar, ta gane shi. Na kasa cin komai.

Riziki

Mkokotoni, 17 ga Sha'aban

Yaya Pandu,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Na san rashin samun jana'izar yana cin ranka.

Ka ce mini a waya in bar maganar ta bi shi kabari. Na gwada, wallahi, kwana ashirin. Amma kullum masu ta'aziyya suka zo sai Mama ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa ɓoye mini komai ba." Jiya da hantsi tana kankare kwakwa a tsakar gida, cikin kayan takaba, na durƙusa na faɗa mata duka.

Ba ta yi kuka ba. Ta gama kwakwar tas, ta wanke hannu. Sannan ta ce, "Bikin wa?" Na ce bai faɗa ba. Ta ce, "Bikin ƙawata Bi Mtumwa ne. Ni na matsa masa ya raka ni. Ya ce mini ya bar wani a kan aikin."

Na ce, "Mama, gafara ya nema." Ta ce takaba za ta yi masa cif, ba za ta rage ko yini ɗaya ba, don haƙƙinsa ne. Sauran kuma a bar ta tukuna.

Yau da safe ta ce in rubuta maka, tunda kai ne babba. Filin nan da ka ce a ajiye mata kusa da kabarin Baba, a ba wani. In ta mutu a kai ta Nungwi, wajen Makame.

Ka gaida Mwanaidi da yara. Ka yi ƙoƙari ka zo gida.

Ƙanwarka,
Riziki