Kwanson da Ya Ƙi Fita

Tariat, 9 ga Janairu 1996

Yaya Gombo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata hayaƙin birni bai gama da ƙirjinka ba. Mu nan muna cin hunturu lafiya, tumaki da sauran ƙibarsu, sai dai dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a kwarin bayan tanti.

Direba ya kawo bindigar da ka musanya da ta marigayi Baba. Kyau kam akwai shi, maƙwabcina Purev ya wuni yana shafa ta. Amma ka ce ita ke ɗora wa kanta harsashi, ba sai na ja sakata ba. To, na farko ne kawai ke tashi. Na biyu sai ya taso ya cije a karkace. Sau biyu kuma kwanson harsashin da na harba ya ƙi fita sam, sai da na zura tsinken ƙarfe ta baki na bugo shi.

Ta Baba ɗaya-ɗaya take ci, amma shekara arba'in ba ta taɓa yi mana gardama ba. Na faɗa maka haka da ka zo lokacin kaka, ka ce ƙauyanci ne ke damuna. Kyarketai sun fara saukowa daga dutse, kuma tun rasuwar mijina daga ni sai karena Basar, shi ma tsufa ya cinye masa haƙora. Faɗa mini abin yi.

Wai me ya sami rubutunka? Kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Ƙanwarka,
Yanjmaa

*

Ulaanbaatar, 27 ga Janairu

Ƙanwata Yanjmaa,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da dabbobi kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiya lau nake, alƙalamin ne ba shi da kirki.

Ki kwantar da hankalinki, bindigar ba ta da laifi. Na san halinki, kin cika ta da mai kamar kina suyar nama. Irin wannan ba ta son mai a sanyi, daskarewa yake ya riƙe sakata. Ki kwance ta, ki wanke da kananzir, ki bar ta a bushe. Ki buɗe gidan harsashi ki goge sifirin ɗin. Idan ya saki, kada ki cika gidan, huɗu sun isa. Harsashin da ya yi tsatsa ki ware shi gefe, shi ke sa kwanso ya manne.

Na gwada ta da hannuna kafin in aiko, goma a jere ba tangarɗa. Ki daina kewar tsohon ƙarfe. Gaba za ki gode mini.

Ki gaida Purev, ki ce ya je ya shafa tasa.

Yayanki,
Gombosuren

*

Tariat, 14 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Tumaki sun fara haihuwa. Basar ya mutu.

Na yi duk abin da ka ce, kuma cijewar harsashi ta daina, wannan ka yi gaskiya. Har na saki jiki.

Ranar Talata da tsakar rana, ina can gangare da garke, kyarketai uku suka ɓullo ta bayan duwatsu. Na durƙusa na harba, na sami ɗaya a cinya. Na sake danna kunama, shiru. Na ja sakata, ta dawo ba komai, kwanson na ciki kamar an yi masa walda. Ina ja ina zagi, sai na ga Basar ya wuce ni a guje. Na kira shi, Yaya, har muryata ta dushe. Bai ko waiwayo ba.

Ya kore su, tinkiya ɗaya kawai suka taɓa. Amma da na isa, cikinsa a farke yake, yana numfashi yana kallona. Abu ɗaya ya rage in yi masa, in hutar da shi da harsashi, shi ma bindigarka ta hana ni. Tsinken kuma yana can tanti. Na hau doki na je na dawo, ya kusa rabin awa, na same shi ya ja jiki yana bin sawuna. A gabansa na zauna na bugo kwanson, na ɗora wani harsashin.

Na kai shi kan tudu, na sa masa man shanu a baki, wutsiyarsa a ƙarƙashin kai, yadda Baba ke yi wa nasa.

Washegari Purev ya kwance sakatar a kan tebur. Ya nuna mini 'yar ƙugiyar da ke cafko kwanso ta fito da shi. Bakinta ya siɗe sumul. Ya ce, "Yanjmaa, wanda ya harba goma a jere da wannan, a mafarki ya harba." Na ce, "Yayana ba ya ƙarya. Shanye shayinka ka tashi."

Na kore shi saboda kai. Yanzu ni nake tambaya: ka gwada ta?

Yanjmaa

*

Ulaanbaatar, 2 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in kina karɓa.

Ban gwada ba. Ko sau ɗaya.

Ranar da na yi musayar, mai bindigar bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Dattijo, ƙugiyar ta gaji, ka canza ta kafin ka ba wani." Na ce zan yi. Bayan kwana shida hawan jini ya kayar da ni a bakin aiki. Na tashi a asibiti hannun dama ba ya motsi. Aikin gadin da nake yi ma sun sallame ni. Da hagu nake rubuta miki tun lokacin.

Da na fito, sanyi ya riga ya shigo, ga ki ba bindiga saboda ni, ga mota za ta tashi. Na naɗe ta na ba direba, na ce wa kaina ƙila za ta riƙe zuwa bazara. Da wasiƙarki ta zo, na san ƙugiyar ce. Amma in na faɗa, sai kin tambayi me ya hana ni gyarawa, ni kuma ban so ki san wanda ya koya miki harbi ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Sai na ɗora laifin a kan man da kike sa mata. Da na rubuta miki layi ɗaya na gaskiya, da kin ari ta Purev.

Na koma neman ta Baba, an riga an sayar. Sabuwar ƙugiya na cikin ƙyallen nan, da ɗan sifirin ɗinta. Ki ba Purev haƙuri, shi ne mai gaskiya. Ni na ɗauko Basar a cikin rigata yana ɗan kwikwiyo, ban manta ba.

Ban ce ki yafe ba.

Gombo

*

Tariat, 19 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Purev ya sa ƙugiyar, na harba biyar, duk sun fita. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Ban huce ba, kada ka zata. Amma wata biyar wa ke hura maka wuta? Wa ke yanka maka nama?

Haihuwar tumaki ta ƙare, Purev zai riƙe garke. Ina nan tafe wurinka a motar Laraba. Kada ka share ɗakin, yadda yake nake son in gan shi.

Ƙanwarka,
Yanjmaa