Raɗa a Tsakar Gida

Daren Laraba, Dutsin-Ma

Kwana ashirin ke nan da sa mini gwiwar ƙarfe, har yanzu zogi ya hana ni barci. Zuwa banɗaki kaɗai kan gajiyar da ni, ko hira ba na so.

Ɗazu ƙanena Sani ya zo daga Kurfi duba ni. Na ji suna raɗa da matata a tsakar gida, har ya ambaci gonata ta Zobe. Ko sun yanke cewa ba zan ƙara noma ba ne?

Da na tambaye ta, sai ta ce, "Alhaji, maganar magani ce kawai, ka huta."

Ban yarda ba. Shekara talatin muna tare, ba ta taɓa amsa mini tana kallon ƙasa ba sai yau.